Ɗan Aiken Huseina da Firgitar Kutawa

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya ƙalau, kai da matarmu Nana Hadiza da yara baki ɗaya. Ya kasuwa, ya kuma ruwan Fatakwal da aka ce bana ko ɗaga ƙafa ba ya yi? Na ji gwiwar nan ta sake tayar maka. Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi mai ɗorewa, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a cikin nema.

Mu nan sai godiya. Mahaifiyarmu Dada tana Kurfi lafiyarta lau, in ban da idon hagu da ke mata yaji da rana. Likita ya ba ta na ɗigawa, tana sawa in ta ga dama. Damina ta yi kyau ƙwarai. Geron gonar gado ya fitar da kai, dawa kuwa ta yi tsawon da mai babur zai shiga cikinta ba a ga hularsa ba. Tunkiyar nan mai baƙin kunne da ka bar wa Dada ta haifi biyu. Maigidana Malam Badamasi yana gaishe ka, ya ce in tuna maka alkawarin busasshen kifi, wai ya gaji da jin labarinsa a baki.

Yaya, na zaɓi takarda maimakon waya ne don na san halina. In na ji muryarka sai in koma ƙaramar yarinya, in yi ta cewa to, to, har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Saƙon da ka aiko wa 'yarka Huseina, da ke zaune wurina tana karatun jami'a, na ji shi, domin a gabana ta buɗe. Ka ce ta kashe abin nan da ta haɗa, ta daina sa sunan gidanmu a bakin mutane, ta nemi wani aikin da za ta kammala jami'a da shi. Ba ta yi musu ba. Ta ce da ni tunda Baba ya ce a kashe, kashewa za ta yi, ko da hakan zai sa ta maimaita shekara. Iyakar abin da ta ɗauka wa kanta shi ne ta bar shi ya kai ƙarshen watan nan, don ta sanar da iyayen yara kada su wayi gari su ji shiru. Shi ya sa na yi sauri. Ina so ka ji labarin daga bakin wadda aka yi abin a ajinta, ba daga bakin ƙanenmu Munzali ba, wanda ranar yana Katsina sayen kayan babur.

Bari in fara da ruɗanin da ya fi yawa, domin ina zaton kai ma ya shige ka. Mutane da dama sun ɗauka akwai wani mutum zaune da waya a hannu yana amsa saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma wai Huseina ce mutumin. Har wata tsohuwa daga Shema ta aiko mata da ƙwai, wai ladan wahalar yatsa. Ba haka abin yake ba. Wani tsari ne na kwamfuta, yana da lambar waya kamar kowa a dandalin nan na aika saƙo da kake turo mana hotuna ta cikinsa. In ka aika masa magana, a rubuce ko da murya, sai ya duba abin da aka tanadar masa ya mayar maka da amsa nan take, ba hannun kowa a ciki. Su a jami'a bot suke ce wa irinsa. Mu a makaranta muka raɗa masa Ɗan Aike, sunan kuwa ya bi shi. Lokacin da saƙon da ya tada hankalin ƙauyen Kutawa ya fita, 'yarka tana ɗakin karatu, wayarta a kashe cikin jaka. Sannan abin bai gama nuna ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa haka ba. Gwaji ake yi. Ka tuna yadda Babanmu, Allah ya jiƙansa, yake yi in an kawo sabon iri: ba ya zuba shi a gona duka, sai ya ware ɗan lungu a gefe ya ga halinsa tukuna. To makarantarmu ce ɗan lungun.

Aikin Ɗan Aike guda ne tak. Ka san yaranmu na Shema da Kutawa a keke suke zuwa, ka kuma san yadda hanyar take zama in dawa ta tashi, ga labaran da ake ji daga dazukan yamma. Uwa takan sallami ɗanta da safe, ta wuni hankalinta a tashe har sai ta ji ƙarar keke a ƙofar gida bayan azahar. Yanzu da an shiga aji, kowane malami yakan taɓa sunayen waɗanda suka zo a wayarsa. Uwa tana cikin daka ko wanki sai ta danna waya ta tambaya, Ɗan Aike ya gaya mata yaro ya iso. Wadda ba ta karatun boko da murya yake amsa mata. Ranar da na fara jin haka da kunnena, na taɓa suna a aji, kafin in ajiye alli wata uwa a ƙauye ta riga ta sani, sai na tsaya ina kallon Huseina, yarinyar nan da nake yi wa kitso tana kuka in kun zo hutu, ina ta tasbihi. Allah da ya koya wa ɗan Adam abin da bai sani ba, shi ne abin godiya.

Matsalar farko dariya ta ba mu. Ka san matanmu ba sa faɗa wa mutum buƙata ba gaisuwa, ko da mutumin ba mutum ba ne. Sai su fara da ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali. Shi kuwa gogan naka duk gaisuwar da aka yi masa sai ya ce bai gane ba. Wata ta tare ni a kasuwa tana tambayata ko Bature muka ɗauko. Huseina ta zauna ta koya masa gaisuwa, har da lahiya lau irin ta mutanenmu, aka wuce wurin. Irin wannan shi ne amfanin gwaji, kuma da duk matsalolin haka suke da ban ɗauki biro ba.

Ga abin da ya faru. Akwai wani manomi a Kutawa, Malam Sa'idu, da maiɗakinsa Tani. 'Ya'yansu biyu suna makarantarmu: Abdullatif, babban, yana ajina, sai ƙanensa Muslim. Keke ɗaya gare su, babban ya tuƙa, ƙaramin a baya. Ran wata Talata Muslim ya tashi da zazzaɓi, Abdullatif ya taho shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Da hantsi Tani ta tambayi Ɗan Aike, ya ce mata bai iso makaranta ba. Ta daure, ta ɗora tukunya, ta sake tambaya. Bai iso ba. A lokacin kuwa yaron da ya fita tun sassafe ya isa a ce ya je ya dawo. Ta fita ba takalmi ta nufi gonar mijinta tana salati, kututturen kara ya tsaga mata tafin ƙafa ba ta ma sani ba. Nan da nan maza suka watsar da fartanya suka hau babura, 'yan sintiri suka biyo su, suka kamo hanyar Dutsin-Ma suna tsayawa suna kutsawa cikin dawa suna kiran yaron. Babu wanda ya yi tunanin kiran makaranta, domin a ganinsu makarantar ce ta riga ta yi magana.

Ina tsaye a gaban allo ina koyar da lissafi, Abdullatif yana layin gaba yana cizon biro, sai muka ji babura sun cika harabar makaranta. Malam Sa'idu ya tsaya a ƙofar aji, laka har gwiwa. Ya dubi ɗansa, ɗan ya dube shi. Sai uban ya zauna a dandamalin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Ba zan rage maka komai ba, Yaya. Kuskure ne babba, kuma na Ɗan Aike ne. Da wani ya faɗo daga babur, ko 'yan sintiri sun ci karo da baƙo a cikin dawa a wannan yanayi, da labarin ya fi haka muni. Hedimasta ya dakatar da abin a take, ya ce ba za a sake kunna shi ba sai an zo taron iyaye an yi bayani.

Abin da nake so ka gani shi ne abin da 'yarka ta yi bayan haka. Ta yi kuka, ba zan ce ba ta yi ba. Amma da ta wanke fuska sai ta ɗauko kwamfutarta ta ce in zo mu bi sawun abin. Da ni ta fara, ba ta ko duba cewa gwaggonta ce ni ba, wai ko na manta ban taɓa sunan yaron ba. Muka duba, na taɓa, tun kafin Tani ta yi tambayar farko. Ta koma kan sabis, domin ka san a Kutawa wani lokaci sai an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ta yi zaton ko alamar da na sa ce ta maƙale a hanya. Ba ta maƙale ba, ta isa a kan kari. Ta zargi ɗaukewar wuta a inda kwamfutar take, nan ma babu. Ta tattara wayoyin gidan nan duka, har ta Malam Badamasi, tana tambayar Ɗan Aike ko Abdullatif ya iso ranar Talata, da muryarta, da tawa, da muryar tsofaffi da take kwaikwaya har ta sa ni dariya a ranar da ba ta dariya ba. Kowane karo amsa ɗaya ce, kuma daidai: ya iso. Ta ce da ni wannan ne ya fi ba ta tsoro, domin in ba ta iya sa shi ya maimaita kuskuren a gabanta ba, ba ta da hanyar sanin ko ta gyara.

Na ce to ta saurari abin da Tani ta faɗa mana, ai shi ne mafi sauƙi. Sai ta ce ba ta da shi. Ashe tun farko da gangan ta tsara shi ya goge maganar mutane da zarar ya amsa, domin muryar matan aure ce, ba ta ga dalilin da zai sa ta tara ta a kwamfuta ba. Wannan ya ƙara wa gyaran wuya, amma ni a ranar na ƙara ganin girmanta, don babu wanda ya ce ta yi hakan.

Sai muka shirya muka tafi Kutawa, ban haƙuri da dubiya, da goro da sabulu da maganin ciwo. Tani ta karɓe mu tana zaune a tabarma, ƙafa a naɗe, matan gidan suka kewaye mu. Ba ta yi mana faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Surukarta ce ta ƙare wa Huseina kallo ta ce ashe ita ce mai aljanin, ga ta 'yar mitsitsiya kamar iska za ta ɗauke ta. Huseina ta durƙusa ta ba da haƙuri, sannan ta tambayi Tani ko saƙon da ta aika ranar yana nan a wayarta. Yana nan. Aka kunna. Muka ji ta gaishe shi tsaf, sannan ta tambaya ko yayan Muslim ya iso.

Huseina ta ce a sake kunnawa. Ta tambayi Tani cikin ladabi ko kullum haka take tambaya. Tani ta ce to da yaya za ta tambaya? Huseina ta ce ai da ta faɗi sunansa. Yaya, sai tsakar gidan ta kaure da dariya. Tani ta ja mayafi ta rufe baki. Surukar ta tafa hannu tana salati, wai yaran birni za su kashe ta kwananta bai ƙare ba, ɗan fari ne fa, ga shi sunan marigayi maigidanta, kakan yaron, aka mayar masa, a ce Tani ta buɗe baki ta kira shi gatsau kamar mai kiran akuya? Huseina a Fatakwal ta girma, tana da uzuri. Ni da na tashi a cikin al'adar nan ce ba ni da shi, amma wallahi ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

A nan komai ya warware. Ɗan Aike suna yake nema a cikin magana. Ya saurari Tani, sunan da ya tsinta guda ne, Muslim. Ya duba ya ga Muslim bai zo ba, ya faɗi abin da ya gani, bai kuma ambaci wanda yake nufi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da Huseina ta juyo ta ce da ni a hankali, ke nan tun ranar da aka fara, Tani tana tambayar babba shi yana ba ta labarin ƙarami, kuma ba a taɓa samun saɓani ba saboda keke ɗaya ke kawo su. Wata da watanni amsa tana fitowa daidai a bisa kuskure, kowa yana yabo, sai da zazzaɓi ya raba yaran biyu na yini guda sannan ɓarakar ta fito fili. A tsakar gidan ta ɗauki wayar Tani ta maimaita tambayar yadda Tani ta yi, Ɗan Aike ya maimaita kuskurensa. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da ganin kuskurensa kamar yarinyar nan ba.

Da muka bincika a Shema sai ga irin Tani da yawa. Wata babban take cewa, wata mai sunan Malam, wata yaron nan kawai. Waɗannan da ba su ambaci kowane suna ba, Ɗan Aike yakan ce musu bai gane ba. Su kuwa ba su kawo ƙara ba, suka ajiye shi shiru suka koma zaman jira. Da ma Huseina ta daɗe tana mamakin abin da ya sa wasu iyaye mata suka daina amfani da shi tun farko-farko, ta ɗauka data ce ta gagare su.

Gyaranta na farko bai yi ba, kuma Dada ce ta rushe shi. Ta sa shi ya riƙa cewa a faɗi cikakken sunan yaro kafin ya amsa. Ranar Asabar muka je Kurfi, ta ce bari ta gwada a kan kakarta. Ta shigar da mu uku, kai da ni da Munzali, a matsayin 'yan makaranta, Dada ce uwa, ta miƙa mata waya ta ce ta tambayi labarin babban ɗanta. Dada ta gaishe shi, ya amsa, ta ji daɗi har tana cewa yaron kirki ne. Da ya ce ta faɗi suna, sai ta riƙo wayar da yatsu biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera, ta ce wa Huseina ungo abinki, ja'ira. Wai ita da ba ta faɗi sunan nan a gaban likita ba ranar da ka faɗo daga bishiyar mangwaro ka karye, ba a kan ƙarfe za ta fara ba.

Huseina ta koma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida da kwamfuta a cinya, ba ta tashi ba har aka kira la'asar. Sannan ta ce da ni ta gano inda ta ɓata: tana ta ƙoƙarin gyara iyaye mata, alhali shi aka aika, shi ya kamata ya koyi yadda ake magana da su. Uwa ba ta faɗin sunan, amma babu abin da ya hana ta ji. Sai ta cire tambayar gaba ɗaya. Yanzu duk wadda ta yi magana daga lambarta, ko me ta kira yaron, zai lissafo mata 'ya'yanta duka, kowa da sunansa da halin da yake ciki. In kuwa akwai wanda ba a taɓa sunansa ba, ba zai ce bai iso ba. Zai ce malami bai sa masa alama ba tukuna, ya ba da lambar malamin a kira. Ka ga sauƙin maganin, amma sai da aka je Kutawa aka je Kurfi kafin a same shi.

Aka sake miƙa wa Dada waya. Ta ce masa, a daƙile, ya yaran. Sai muryar ta ce Mamuda ya iso, Khadijat ta iso, Munzali malami bai sa masa alama ba tukuna. Dada ta ce wannan kam ya san Munzali, ko a da ma sai an fita tara yake isa. Muka yi ta dariya. Sannan ta ce a sake kunna mata farkon. Aka sake. Ta ce a kuma. Ta riƙe wayar a kunne tana kallon ƙofar zaure. Sallah biyu ke nan ba ka zo ba, Yaya. Ban faɗa don in ɗora maka nauyi ba, na san uzurinka. Na faɗa ne don ka san abin da na gani.

Ranar taron iyaye ajin da ya fi girma ya cika har taga. Akwai masu zafi. Wani dillalin shanu ya ce shi tun farko bai yarda da abin da ba shi da kumatun da za a mara ba. Wani ya ce lokacin da babu shi ai ba a taɓa tara babura a banza ba. Na nemi izini na miƙe. Na ce gaskiyarsu, amma a wancan lokacin ma uwa ba ta da wanda za ta tambaya, na kuma tuna musu bara da jita-jita ta tashi aka riƙe yara a gida kwana da kwanaki saboda ba mai iya tabbatar wa wani komai. Na ce mu malamai kullum yara suna kuskure a gabanmu, ba ma korar wanda ya gano inda ya ɓata ya gyara. Sannan Huseina ta tashi. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ambaci Tani ba, ba ta ɗora wa al'ada laifi ba. Ta ce ita ce ta gina abu don iyaye mata ba tare da ta zauna da su ta ji yadda suke magana ba. Ta kuma ce ba za ta rantse musu cewa ba zai sake kuskure ba, domin har yanzu gwaji ne, abin da za ta iya yi musu alkawari shi ne duk kuskuren da ya yi ita za ta zo ta faɗa da bakinta.

Malam Sa'idu ne ya yi magana a ƙarshe. Ya ce har yau bai manta da ranar ba, kuma shi da Ɗan Aike ba za su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Amma wai maiɗakinsa ta ce in aka kashe shi, ita za ta riƙa rako yaran Dutsin-Ma da kanta kullum, shi kuwa bai iya tuƙa tuwo ba. Aka yi dariya. Sai ya kafa sharaɗi, cewa duk ranar da yaro bai zo ba, mutum mai rai ne zai kira gida, ba ƙarfe ba. Huseina ta karɓa, washegari ta ƙara shi: yanzu in uwa ta tambaya aka ga ba alama, wayar malamin ajin ce ke fara ƙara, shi kuma ya leƙa ya kira gidan. Wasu iyayen sun ce a cire lambarsu, aka cire ba gardama. Mafi yawa sun bari, matan Shema da suka ajiye shi ma sun dawo. Hedimasta ya ce a ci gaba da gwaji har ƙarshen zango, wata makaranta a Kurfi kuma ta aiko tana tambayar yaushe za a zo kanta.

Ka ga ke nan, makaranta ta yafe, Kutawa ta yafe, saura kai. Na san abin da ya ɓata maka rai. Kana nesa aka ce maka 'yarka ta jefa gari cikin tashin hankali, ba ka nan balle ka sa hula ka je ka ba da haƙuri da kanka, sai ka ga abin da ya rage a hannunka shi ne ka ce a daina. Ban ga laifinka ba. Amma na daɗe ina koyarwa, yara masu ƙwaƙwalwa na ga da yawa. Wanda zai yi kuskure a bainar jama'a, ya je ya durƙusa a gaban wadda ya cutar ya roƙe ta ta nuna masa inda ya ɓata, waɗannan ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu a gidanka aka haife ta. In ka tsaya a kan maganarka za ta bi, ko tantama ba na yi. Tani za ta koma jiran ƙarar keke, ita kuma Huseina darasin da za ta ɗauka shi ne in mutum ya yi kuskure sai ya ajiye aikin ya ɓuya. Ba haka nake koya wa yaran mutane ba, kai ma ba haka ka koya mini ba.

Ka gaishe mini da Nana Hadiza, ka ce mata daddawar da ta yi saƙo tana cikin kwalin da direban shanu zai kawo tare da takardar nan. Ka gaishe da Hassan, ka ce 'yar'uwar haihuwarsa tana cigiyarsa, da Khalil, da autarmu Lubna. Dada tana sa muku albarka, Munzali ma yana gaisuwa, ko da yake bai san na ambace shi da yawa haka ba.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ka yanke hukunci. Lambar Ɗan Aike tana bayan ambulan. Na sa Huseina ta shigar da lambarka cikin na gwaji, da sunayen yaran gidanka, ban gaya mata dalili ba. Da safe in ka buɗe shago ka gaishe shi, ka tambaye shi yara yadda bakinka ya saba. Ka ƙi faɗin suna, ka ja shi da zance, ka yi iyakar ƙoƙarinka ka rikita shi, na san ka da iya ƙure mutum a ciniki. In ka kama shi da kuskure, ka kira mai shi ka gaya mata, da hannu biyu za ta karɓa. In ba ka kama shi ba, ka kira ta duk da haka. Tun ranar da saƙonka ya zo wayarta ba ta barin hannunta, kuma ba Ɗan Aike take jira ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a,
Khadijat